Lambun Scotney da Kangon da Aka Yi da Gangan

Gidan Scotney yana lardin Kent, a kudu maso gabashin Ingila, dab da ƙauyen Lamberhurst, cikin kwarin wani ƙaramin kogi da ake kira Bewl. Gidaje biyu ne ke amsa wannan suna. Tsohon yana can ƙasa, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, kuma ya haura shekara 600 da ginawa. Sabon yana bisa tudu, bai kai shekara 200 ba. Gangaren da ya raba su shi ne lambun. Bayan lambun kuma akwai makiyaya da dazuzzuka da gonaki, waɗanda in aka haɗa su duka za su kai eka 770. Abin da ya sa ake ambaton Scotney a tarihin lambunan Turai shi ne, mai gidan da kansa ya sa aka rushe wani sashe na tsohon ginin, ba don gobara ko yaƙi ba, sai don kangon ya ƙara wa lambunsa kyau.

Asalin ginin tsoro ne ya kawo shi. A shekarar 1377, ana cikin dogon yaƙin nan na Ingila da Faransa wanda aka fi sani da Yaƙin Shekara Ɗari, jiragen ruwan Faransa suka kai hari gaɓar kudu, suka ƙone garin Rye da na Hastings. Daga gaɓar zuwa kwarin Bewl ba wata tafiya ba ce mai nisa. Saboda haka wajen 1378 zuwa 1380, wani mai faɗa a ji a yankin, Roger Ashburnham, wanda aka ɗora wa alhakin kiyaye zaman lafiya a Kent da Sussex, ya kewaye gidansa da garun dutse da hasumiya da gwalalo. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1385, aka ba da izinin gina Bodiam, wani gidan mai gwalalo da ke kusa, shi ma da hujjar tsoron Faransawa.

Gwalalon Scotney ba siririn rami ba ne da ke bin gindin garu. Ya yi faɗi har ya zama kamar ɗan tafki, ginin kuma yana zaune a kan tsibirai biyu. Wani rafi mai suna Sweetbourne ne ke zuba masa ruwa. A wancan zamani amfanin irin wannan ruwa a fili yake: mahara ba sa iya jingina tsani, ba sa iya gangaro da kayan fasa garu, kuma ba sa iya haƙa rami ta ƙarƙashin tushe don ginin ya rufta. Ana kiwon kifi a ciki, abin da ke da muhimmanci ga Kiristocin lokacin masu ƙaurace wa nama ranar Juma'a da kwanakin azuminsu. Akwai kuma maganar nuna isa. Duk baƙon da ya tsallaka gada ya shiga ta ƙofar garu ya san gidan babban mutum ya zo. Wannan dalili na ƙarshe bai kamata a raina shi ba, domin wurin da aka zaɓa ba wurin yaƙi ba ne. Gidan yana cikin kwari, tudu na kallonsa daga sama. Zai iya tare 'yan fashi da ƙaramar runduna, amma ba zai jure wa doguwar kewayewa ba.

Daga ginin Ashburnham, abin da ya rage tsaye sosai shi ne hasumiya guda, kewayayya, mai kauri, ƙafarta cikin ruwa. Samanta ya ɗan ɓullo waje bisa wasu duwatsu masu tallafe shi, aka bar ramuka tsakaninsu domin masu tsaro su riƙa sako duwatsu kan wanda ya matso gindi. Rufin nan mai tsini da ke kanta daga baya aka ɗora shi. Iyalan Darell ne suka riƙe gidan kusan shekara 350. Sun sake gina sashen kudu wajen 1580, suka tayar da wani dogon sashe mai hawa uku ta gabas wajen 1630. 'Yan Katolika ne a zamanin da gwamnatin Ingila ke farautar limaman wannan ɗariƙa, har suka ɓoye wani limami, Richard Blount, daga 1591 zuwa 1598. Da masu bincike suka matsa, ta cikin gwalalon ya kuɓuta. Ƙaramin maɓoyin da aka yi cikin bango yana nan har yau.

A 1778 Edward Hussey ya sayi gidan. Jikansa, wanda shi ma Edward Hussey ne sunansa, an haife shi a 1807, shi ne ya mayar da wurin yadda ake ganinsa yanzu. Tsohon gidan danshi ya yi masa yawa, ga sanyi, ga hazo da ke kwanciya kan ruwa, iyalin kuma suna ganin zamansa na jawo ciwo. Maimakon ya yi ta faci, sai ya ƙudura gina sabo a kan tudu. Ya ɗauko magini Anthony Salvin, aka yi aikin daga 1837 zuwa 1843. Sai dai kafin a sa harsashi, akwai tambayar da ta fi ta fasalin ɗakuna nauyi a wurinsa: daga ina tsohon gidan zai fi kyan gani? A kan wannan ya nemi shawarar William Sawrey Gilpin, mutumin da ya fara sana'a a matsayin mai zanen hoto kafin ya koma tsara lambuna.

Fahimtar wannan tambaya na bukatar a waiwayi yadda ɗanɗanon masu ƙasa a Ingila ya yi ta sauyawa. A ƙarni na 17, lambun babban gida abu ne na igiya da ma'auni: hanyoyi miƙaƙƙu, shinge a aske, fili a raba shi daidai wa daida, kamar yadda aka yi a fadar Versailles ta Faransa. A ƙarni na 18 sai aka juya wa wannan baya. Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783, ya share irin waɗannan lambuna da dama, ya maye gurbinsu da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa har bakin ƙofa, da tafki mai lanƙwasa, da itatuwa rukuni-rukuni. Ba a jima ba aka fara gajiya da nasa salon ma. A 1794 wasu masu ƙasa biyu, Uvedale Price da Richard Payne Knight, kowanne ya fitar da littafi yana sukar aikin Brown, suna cewa ya yi santsi da yawa, ba shi da gishiri, kuma duk inda aka je iri ɗaya ne. A ra'ayinsu, mai tsara lambu ya koyi aiki daga masu zanen hoto irin su Claude Lorrain: a samu kaushi, da karkace, da inuwa mai duhu kusa da haske, da tsohon itace mai doro, da dutse tsirara, uwa uba kango wanda tsire-tsire suka hau. Son kango ya kai ga wasu attajirai suna biyan magina su gina musu na jabu, sabo fil, a kan tudu. Hussey bai bukaci jabu ba. Yana da na gaske, sai dai bai gama lalacewa ba.

Don haka da sabon gida ya kammala a 1843, aka sauka kan sashen gabas na 1630. Aka kware rufinsa, aka cire daɓen benaye, aka rage bangaye. Ba rushewar gayya aka yi ba. An zaɓi abin da zai faɗi da abin da zai tsaya, aka bar tagogi a wangale yadda za a riƙa hango sararin sama ta cikinsu, aka bar saman bangon da hawa da sauka kamar shekaru ne suka cinye shi. Hasumiyar ba a taɓa ta ba, haka ma sashen 1580, wanda wakilin gandun ya ci gaba da zama a ciki har 1905. Da ma'aunin yau, wannan ɓarna ce, kuma dokar kare tsofaffin gine-gine ta Ingila ba za ta bar kowa ya maimaita ta ba. Amma akwai wani gefen maganar. Gidaje da yawa na wancan zamani da masu su suka tashi daga cikinsu, an kwashe duwatsunsu kaf an yi wasu gine-ginen da su. Wannan ya tsira ne saboda an sama masa sabon aiki, wato a riƙa kallonsa.

Wurin da aka tsara a tsaya a yi kallon yana ƙasa kaɗan da sabon gidan. Wani dandamali ne mai siffar rabin da'ira, da ɗan shingen dutse a bakinsa. Mai tsayuwa a nan, ƙasa ce ke yankewa a gabansa farat ɗaya, sai kawunan itatuwa masu fure a ƙarƙashin ƙafarsa. Gaba da su ciyawa ta gangara. Can ƙasa ga hasumiya da kango da inuwarsu cikin ruwa. Bayansu kuma tudun makiyaya ya sake tashi, da manyan itatuwa a warwatse, har daji ya rufe ƙarshen gani. Gaba, tsakiya, nesa: haka mai zane ke raba allonsa, haka kuma aka raba wannan kwari. Ko itatuwan da ke dama da hagu an dasa su ne don su tsare ido kada ya bauɗe.

Yankewar ƙasar da ke ƙarƙashin dandamalin ba halitta ba ce. Daga nan aka fasa dutsen yashi mai ruwan zuma da aka gina sabon gidan da shi. Duk wanda ya san kududdufi a tsohon birni ya san yadda gini ke barin rami a bayansa. A Scotney ba a cike ramin ba, ba a kuma ɓoye shi ba, sai aka mai da shi lambu. Aka sassaƙa matakala masu karkacewa, aka bar fuskar dutsen a buɗe, gansakuka ta lulluɓe shi. A jikin duwatsun nan ana ganin alamun igiyar ruwa ta wani zamani mai nisa, har da sawun dinoso, irin manyan dabbobin nan da suka ƙare, wanda ya kai shekara miliyan 100. Ramin yana tare iska, yana riƙe laima, ƙasarsa kuma mai tsami ce. Wannan tsamin ne ya yanke hukuncin abin da za a shuka.

Akwai dangin tsirrai da ba sa shiri da ƙasa mai alli ko farar ƙasa, domin a cikinta saiwarsu ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai ganyen ya yi rawaya, itacen ya tsumbure. A ƙasa mai tsami kuwa sai su yi ta bunƙasa. Rododendiron da azaliya da kalmiya duk 'yan wannan gida ne, kuma su ne suka cika ramin da gangaren. Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni suke fure, wasu na bin wasu: azaliya da rawaya da ruwan lemo da ƙamshi mai ƙarfi, rododendiron da shunayya da ja da fari, sai kalmiya ta rufe da ƙananan furanni masu ruwan hoda. Kusan dukkansu baƙi ne a Ingila. Kalmiya daga gabashin Amurka ta Arewa ta zo. Ƙananan itatuwan mapul da ganyensu ke komawa ja wur a watan Oktoba, na Japan ne. Ke nan lambun da ake yi wa kallon hoton tsohuwar Ingila, da shuke-shuken nahiyoyi uku aka yi masa ado. Ɗaya daga cikin baƙin ma ya zama alaƙaƙai. Rododendiron mai furen shunayya da aka shigo da shi Birtaniya wajen 1763 yana yaɗuwa kamar wutar daji, inuwarsa na kashe duk abin da ke ƙarƙashinsa, kuma yana ɗaukar wata cutar itatuwa. A dazuzzuka da dama na ƙasar, sare shi da tumɓuke kututturensa ya zama aikin kowace shekara.

Hanyar sauka ba ta miƙe ba, kuma da gangan ne. Tana shiga cikin duhuwa, gidan ya ɓace, ta fito ta wata kusurwa, ya sake bayyana da wata fuska. A hanya akwai rumbun ƙanƙara mai jinka, wanda aka yi wa baibaya da wata ciyawar tudu. Rami ne mai zurfi da aka jera wa tubali. Kafin zuwan firiji, in hunturu ya daskarar da gwalalo, ma'aikata kan fasa ƙanƙarar su jibge ta a ciki da tattaka tsakani, ta kai su har watannin zafi. A bakin ruwa akwai ɗakin ajiye kwalekwale. Bado ya shimfiɗa ganye a kan gwalalon, mazari na shawagi bisansa. A jikin kangon, wisteriya mai fure zara-zara da fararen wardi masu hawa sun kama bango sun leƙa ta tagogi. A farfajiyar ciki an yi ɗan lambun ganyayen ƙamshi da na magani, zagaye da wani bakin rijiya na dutse da aka kawo daga birnin Venis. Lanning Roper, Ba'amurke mai tsara lambuna, shi ya zana shi a ƙarni na 20. A wani ɗan tsibiri kuma akwai sassaƙen tagulla, aikin masassaƙi Henry Moore. Kayan miya da 'ya'yan itace na gidan ba a nan ake noma su ba. An ware musu lambu mai katanga can gefe, inda bangon tubali ke tare iska, ya sha zafin rana da yini, ya sake shi da dare.

Makiyayar da ke bayan lambun ita ce ɓangaren da baƙo ya fi saurin wucewa bai lura ba, alhali in babu ita hoton bai cika ba. Fili ne na ciyawa da manyan itatuwan ok jefi-jefi, wasu sun girmi sabon gidan nesa ba kusa ba. Ba injin yanka ke riƙe da shi ba, bakin dabba ne. Tumaki da jajayen shanun Sussex suna cinye ciyawa da 'ya'yan itatuwan da suka tsiro, suna kuma tsinke ganyen ƙasa iya inda wuyansu ya kai. Shi ya sa ƙarƙashin kowane itace yake a share, a miƙe kamar an sa ma'auni, ido ya wuce ta ƙasansa ya hango nesa. A janye dabbobin na 'yan shekaru, ƙaya da sarƙaƙiya za su rufe wurin, daga baya daji ya dawo. Su ma tsofaffin itatuwan da suka ruɓe ta ciki ba a gaggawar sare su yanzu, domin kogonsu gida ne ga jemagu da tsuntsaye da ƙwari iri-iri. Wasu filayen ciyawar da ba a taɓa zuba musu takin zamani ba suna fitar da wani ƙaramin furen daji mai wuyar samu, daga dangin okid, abin da ya sa hukuma ta sa wani yanki na wurin cikin filayen da doka ta kare saboda halittunsu. Gandun yana da gonar hop, tsiro mai yaɗo da ake sa furensa a giyar Turawa, wanda a da Kent ta shahara da nomansa.

Gidan ya ci gaba da zama a hannun zuriyar Hussey. A 1952 ya faɗo hannun Christopher Hussey, marubuci kan gine-gine a mujallar Country Life. Tun 1927 ya wallafa littafi mai suna The Picturesque, wanda ya farfaɗo da nazarin wannan salo bayan an daɗe da mantawa da shi. Wato jikan wanda ya yi lambun ne ya zama mai bayyana wa duniya tunanin da ke bayansa. Shi da matarsa Betty sun ƙara shuke-shuke masu fure a wasu watannin, don kada kyan wurin ya tsaya ga Mayu kaɗai. Da ya rasu a 1970 ya bar gandun ga National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don adana wuraren tarihi da na halitta. Betty ta ci gaba da zama a sabon gidan har rasuwarta a 2006, aka buɗe shi ga jama'a a 2007. Margaret Thatcher, tsohuwar Firaministar Birtaniya, ma ta taɓa kama hayar wani sashe a harabar gidan, inda takan je hutun ƙarshen mako.

Kula da irin wannan lambu ya fi na mai miƙaƙƙun layuka wuya. Shingen da aka aske, kowa ya san inda almakashi zai bi. Nan kuwa ana son wurin ya yi kamar an bar shi ya yi yadda ya ga dama, ba tare da an bar shi ɗin ba. Itace ba ya daina girma. Wanda aka dasa don ya tsare gefen hoto, bayan shekara 50 shi ne zai rufe tsakiyarsa. Saboda haka masu aikin lambun sukan koma kan dandamalin su duba, su gwada da tsofaffin zane-zane da hotuna, sannan su sauka su rage reshe ko su sassabe rododendiron har ƙasa don ya sake tohowa. Kangon ma sai da magini. Bangon da ba rufi ruwa na shiga ta kansa, ya daskare da hunturu, ya tsaga dutse, saiwar masu yaɗo kuma na cusa kai cikin haɗin. Dole a riƙa liƙe saman bangon da farar ƙasa, a rage masu yaɗon, amma kada a rage su har ginin ya yi tsirara. Gwalalon yana cika da laka da ruɓaɓɓen ganye, sai an yashe shi lokaci-lokaci, in ba haka ba ya zama fadama.

Jarrabawa mafi girma ta zo a daren 15 ga Oktoba 1987, wayewar 16, lokacin da guguwa ta ratsa kudancin Ingila ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15. Kent na cikin inda abin ya fi muni, kuma Scotney ta rasa da yawa daga manyan itatuwan da suka tsare hoton tun zamanin Edward Hussey. Asarar ta zo da wani abu da ba a zata ba. Haske ya sauka inda inuwa ta daɗe da mamayewa, wasu wuraren hange da suka toshe shekara da shekaru suka buɗe. Sake dasawar da aka yi bayan nan ba a yi ta itace a gurbin itace ba. An auna tsawon da kowanne zai kai in ya girma, da abin da zai rufe, da abin da zai bari a gani daga kan dandamalin. Itacen ok yakan ɗauki fiye da shekara 100 kafin ya cika siffarsa, don haka waɗanda aka dasa bayan guguwar har yanzu ba su kai rabin hanya ba.